Ƙwan fitila a kan sansar esi, CoolBot, ko injin ɗakin sanyi: wanne ya dace da kayanka?

Duk wanda ya taɓa danna rimot ɗin iyakwandishan, wato esi, har ƙasa ya san inda yake tsayawa: digiri 16, wasu ma 17 ko 18. Daga nan ko yatsanka zai kumbura ba ya ƙara sauka. Mai kwana a ɗaki wannan ya ishe shi har ya nemi bargo. Amma mai tumatir a Kwanar Gafan, ko wanda ya sauko da kabeji da karas daga Jos zuwa 'Yankaba, ko matar da ke haɗa yogot tana raba wa shaguna, digiri 16 bai kai musu ba. Injin ɗakin sanyi na ainihi kuwa maganar miliyoyi ake yi. A tsakanin nan aka samo wata dabara da in ka ji ta karon farko sai ka ɗauka zolaya ce, wato a ɗora wa esi ɗan zafi domin ya ƙara sanyi.

Ga yadda abin yake. A gaban lagireton esi, wato bututun nan mai haƙarƙarin alminiyam da ke sanyaya iska, inda iskar ɗaki ke shiga, akwai wata 'yar waya mai baƙin kai kamar kan ashana. Ita ce sansar ɗaki, kuma da ita kaɗai esi yake sanin zafi ko sanyin ɗakin. Idan ta ji an kai lambar da ka sa a rimot sai ta sanar da allon na'urar, a kashe kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas ya samar da sanyin, fanka ta ci gaba da juyawa. Ƙarfin kwamfuresa bai ƙare a digiri 16 ba, umarni kawai aka ba ta. To idan ka zaro wannan waya ka manna mata wani abu mai ɗumi, ƙaramin ƙwan fitila ko rezista, wato ɗan kayan lantarki mai ɗumama in wuta ta bi ta cikinsa, sai ta riƙa jin kamar ɗakin yana digiri 28 alhali ya sauka 10. Kwamfuresa ba za ta tsaya ba. In ka cire ɗumin, sansa ta ji sanyin gaskiya, nan take ta tsaya. Ka ga ɗan zafin nan ya zama linzami, wanda ya riƙe shi shi ke tuƙa esi.

Kada a haɗa wannan da firjin kananzir na da, wanda ake kunna wa lagwani a ƙasa. A can wutar ce ke tafiyar da sanyin da kanta, bisa tsarin da wasu ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro a 1922. A nan kuwa lantarki ne ke yin aikin, zafin yaudara ce kawai.

Yaudarar ba ta da wuya, ko yaron shago zai iya. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙanƙara. Sanyin lagireton esi kullum ya fi na iskar ɗakin da kusan digiri goma ko fiye. Idan ɗaki yana 25 babu damuwa, raɓa ce ke taruwa ta zuba ta tiyo. Idan ɗakin ya sauko 8 ko 6, lagireton ya faɗa ƙasa da sifili, raɓar nan sai ta daskare. Tsakanin haƙarƙarin alminiyam na esin gida bai kai milimita biyu ba, don haka 'yar ƙanƙara kaɗan ta isa ta toshe su. Da sun toshe iska ba ta wucewa, ɗakin ya fara ɗumama alhali kwamfuresa na ta gurnani, gas kuma ya riƙa komawa cikinta yana ruwa-ruwa maimakon tururi. Wannan shi ne abin da ke kashe kwamfuresa. Saboda haka duk hanyoyin da zan kawo, da tambaya ɗaya za ka auna su: wa zai lura da ƙanƙara ya dakatar da injin har ta narke?

Kafin ka kashe ko kwabo, sai ka san sanyin da kayanka ke buƙata, domin mutane da yawa a nan suke yin asara tun ba su sayi komai ba. Yawancin kayan gwarinmu 'yan ƙasar zafi ne, sanyi mai tsanani cutar da su yake yi. Tumatir da bai gama nuna ba yana son digiri 12 zuwa 15, wanda ya nuna kuma wajen 10. Ka kai shi 5 sai ɗanɗanon ya gudu, fatar ta yi tabo, in ka fito da shi ya ruɓe da sauri. Mangwaro da ayaba wajen 13. Kokwamba da yalo 10 zuwa 12. Tattasai, attaruhu da kuɓewa 7 zuwa 10. Dankalin Hausa 13 zuwa 15. Su kabeji, karas da latas ne masu son dab da sifili, madara da yogot da nama kuma kada su wuce 4. Wannan rabe-raben shi ne rabin shawarar. Mai tumatir digiri uku ko huɗu kacal yake nema ƙasa da abin da rimot ke bayarwa. Mai nama kuwa digiri goma sha biyu yake nema, kuma na ƙarshensu a yankin ƙanƙara suke.

Hanya mafi araha ita ce ƙwai tsurarsa. Ka samo ƙaramin ƙwan fitila irin na da mai zare a ciki, wat 4 zuwa 7, ka haɗa shi da sansa, ka naɗe da takardar alminiyam, ka jona a soket. Ƙwan LED ba ya yi, don ɗuminsa bai taka kara ya karya ba. A Kano ko Maraɗi cikin Afrilu ma ba ka buƙatar ƙwan, in ka ƙara wa sansar tsawon waya ka fitar da ita bayan ɗaki, rana za ta yi maka aikin kyauta, sai dai a daren hunturu waje kan sauka ƙasa da 16, dabarar ta watse. Ko ta wace fuska, abin da ka samu esi ne mara birki. Sai an sa mutum ya zauna da ma'aunin zafi yana kunnawa yana kashewa, kuma ranar da barci ya ɗauke shi za a wayi gari lagireto ya zama dutsen ƙanƙara. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin hanya ba. Gwaji ne na awa ɗaya, don ka tabbatar esinka yana karɓar yaudarar kafin ka sayi sauran kaya.

Mataki na gaba shi ne a sa wa ƙwan mai gadi. Akwai wata 'yar na'urar tamostat da ake kira STC-1000, wadda masu injin ƙyanƙyasar ƙwai suka sani sarai, ana samunta wajen masu sayar da kayan firji da kayan kiwon kaji, kuma kuɗinta bai kai na cika wa esi gas ba. Tana da sansarta, tana da mafita biyu, ta ɗumamawa da ta sanyayawa. Abin dariyar shi ne ƙwan mai zafi a mafitar sanyayawa ake jona shi. Ka saita ta a 12: ɗaki ya haura, ta kunna ƙwan, sansar esi ta ji ɗumi, kwamfuresa ta tashi; ɗaki ya sauko 12, ƙwan ya mutu, kwamfuresa ta huta. Esi yana nan a jone kullum, fankarsa na juyawa, allonsa kuma yana kiyaye jinkirin minti uku da yake yi kafin ya sake tayar da kwamfuresa. Wannan ya fi a riƙa yanke masa wuta gaba ɗaya, musamman da yake kwamfuresa tana zuƙar wuta ninki-ninki a lokacin tashi, ƙaramin makunnin tamostat ɗin kuma ba zai daɗe yana ɗaukar wannan nauyi ba.

Maimakon ƙwai na fi son rezista. Mai om 100 a kan cajar bolt 12 tana ba da zafin wat ɗaya da rabi ba kaɗan, wanda ya isa sansa ta ji kamar rana ta fito, ba ta fashewa, ba ta narka roba, kuma babu wutar 220 a wurin da ruwa ke ɗiga. Ƙwai yakan yi zafin da ya wuce kima, wani esin in ya ga lambar da ba ta shiga hankali ba sai ya nuna alamar matsala ya tsaya cak. Ga kuma batun gas: sababbin esi da yawa R32 suke amfani da shi, wasu R290, kuma dukkansu suna iya kamawa da wuta in sun zuba, na biyun ma sosai. Ba wurin ajiye ƙwai mai zafi da waya a tsirara ba ne.

Tamostat ɗaya ɗaki kawai take gani, ba ta ganin ƙanƙara. A digiri 12 ko 13 wannan bai cika zama matsala ba, saboda yawancin esin bango suna da sansa ta biyu mai kan tagulla a maƙale jikin bututun lagireto, wadda ke tsayar da kwamfuresa in bututun ya kusa daskarewa. Ka bar ta inda take, mai gadi ce da ba ka biya ba. In kana son sauka ƙasa da 10, sai ka ƙara tamostat ta biyu, ka cusa sansarta a hankali tsakanin haƙarƙarin lagireton ta ƙasa, ka saita ta wajen digiri 1, ka jera makunnan biyu a layi guda yadda rezista ba za ta samu wuta ba sai ɗaki yana da ɗumi kuma lagireto bai daskare ba. Da hannu ake buɗa haƙarƙarin, ko da bakin biro; wanda ya sa ƙusa ya huda bututu ya gama da esin. Daga nan sai kwana biyu ko uku na gyara lambobi, don kowane esi da halinsa, kuma saitin da ya zauna a rani sai an sake taɓa shi da damina lokacin da iska ta cika da laima.

Wannan haɗin na tamostat biyu da ɗan zafi shi ne dai abin da CoolBot ya tattara a akwati ɗaya. Wani manomin kayan lambu ne a New Paltz da ke jihar New York ta Amurka, Ron Khosla, ya ƙirƙiro shi a 2006 bayan ya ga kuɗin injin ɗakin sanyi ya fi ƙarfin gonarsa, kuma kamfanin Store It Cold ke sayar da shi. Wayoyi uku gare shi: ta ɗaki, ta lagireto, da ta ɗumi wadda ake naɗewa tare da sansar esi. Ba a yanka waya ko ɗaya a jikin esin. Fifikonsa a kan haɗin gida yana cikin ƙwaƙwalwarsa, domin an riga an daidaita masa lokacin da zai ɗumama, lokacin da zai saki, da tsawon hutun da zai ba lagireto ya narke. Da shi ɗaki mai kyakkyawan rufin hana zafi shiga yana iya sauka kusan digiri 2. Masu binciken kayan lambu na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun yi aiki da shi da ƙananan manoma a ƙasashe masu tasowa, don haka ba abin ƙasar sanyi kaɗai ba ne.

Sai dai kuɗinsa ya doshi dala 400 kafin kuɗin jigila da na kwastan, abin da a canjin yau zai saya maka wani esin sabo. In wayar ɗuminsa ta lalace ba za ka same ta a Sabon Gari ba, sai ka jira ta daga waje kayanka na zaune. Kuma su kansu masu shi sun faɗi iyakarsa: sai esi mai allon lambobi, ba mai murɗawa ba, ba ya daskarar da kaya, ba ya jure ɗakin da ake buɗe ƙofarsa kowane 'yan mintoci. A ganina, mai neman digiri 12 da ya sayi CoolBot ya sayi doki don zuwa bakin ƙofa. Mai neman 3 zuwa 5 a ɗakin da mutum ke shiga, wanda ba ya son zama ɗalibin lantarki, shi ne kuɗin ya yi wa rana.

Injin ɗakin sanyi na ainihi kuwa an gina shi ne domin wannan aiki tun daga tushe. Tazarar haƙarƙarin lagiretonsa takan kai milimita 4 zuwa 7, don haka ƙanƙara ba ta saurin toshe shi, yana da tsarin narkar da ita a kan lokaci, fankokinsa suna da ƙarfin tura iska har ƙuryar ɗaki, kwamfuresarsa kuma an yi ta don aiki a ƙasan sanyi dare da rana. Esin gida an auna ƙarfinsa ne a ɗaki mai digiri 27 da waje mai 35. Ka kai ɗakin 5, waje kuma ya haura 40 kamar yadda ake yi a Sakkwato ko Maiduguri kafin damina, ƙarfin da aka rubuta a kwali ya ragu sosai. Mahauci, mai kifi, mai tara madara daga rugage, duk wanda kayansa in sun ɗumama na awa shida zai iya cutar da mai ci, injin gaske ya kamata ya saya ko ya kama haya. Hayar ma akwai ta: kamfanin ColdHubs na Nnaemeka Ikegwuonu yana kafa ɗakunan sanyi masu sola a kasuwanni, ana biya kan kowane kwando a rana. Allurar rigakafi da insulin, masu son 2 zuwa 8, ba na ma sa su cikin wannan lissafi, firjin magani aka yi musu.

Akwai wanda duk wannan bai shafe shi ba amma yana ta shirin gina ɗaki. In kayanka robobin yogot ne, ko zoɓo, ko kunun aya, abin da bai wuce cikin firiza biyu ba, ka sayi firizar kwance ka jona ta a STC-1000 ɗin nan ka saita a 3 ko 4. Rufinta ya fi na duk ɗakin da za ka gina, wutarta ba ta kai rubu'in ta esi ba, ƙaramin sola ma yana ɗaukarta. Mai kwando biyu na yalo da tattasai a ƙauyen da babu wuta, shi kuma tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi, wadda marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, tana nan tana aiki muddin iska a bushe take.

To in an tsaya a kan esi, ko da haɗin gida ko da CoolBot, babban kuɗin ba a kan sansa yake ba, a bango yake. Ɗakin bulo mai rufin kwano da silin na kwali ba zai sauka 12 ba da tsakar rana ko an haɗa masa esi biyu. Masu CoolBot suna neman soso mai tauri na kusan inci huɗu, wato santimita 10, a bango da sama, har da ƙasa in ana neman sanyi sosai, a toshe kowace kafa, ƙofa kuma ta zama mai roba a baki. A kan irin wannan rufi ne suka ce ɗaki mai ƙafa 8 da 8 yana son esi mai ƙarfin sanyayawa na BTU 12,000, wato abin da kasuwa ke kira doki ɗaya da rabi, mai 8 da 12 yana son 18,000, mai 10 da 14 kuma 24,000. A zafinmu gara ka hau mataki ɗaya sama. Ka zaɓi ɗakin da rana ba ta dukansa da yamma, injin waje ma a yi masa inuwa ba tare da an toshe masa iska ba.

Zafin da kaya ke shigowa da shi daga gona shi ma lissafi ne da ake mantawa. Tan ɗaya na tumatir da ya sha rana ya kai digiri 35, kafin ya sauko 13 sai an zare masa zafin da ya kai kilowat-awa 24. Esi mai doki ɗaya da rabi, ko da yana kan cikakken ƙarfinsa na kilowat uku da rabi, awa bakwai zai yi a kan wannan kaɗai, ban da zafin da ke ratso bango da wanda tumatirin ke fitarwa yana numfashi. A aikace sai ka ba shi dare guda cur. Shi ya sa tsinka da asuba da ajiyewa a inuwa ya fi ƙarin rabin doki amfani. Kwandon kara da ake danƙarawa ma ba ya barin iska ta ratsa, akwatin roba mai huji shi ne abokin ɗakin sanyi. Sannan esi busar da iska yake yi, kayan ganye kuma suna son laima kashi 90 cikin ɗari ko fiye, don haka latas da alayyafo sai an lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu ko leda mai huji, in ba haka ba su yi yaushi cikin sanyi.

Wuta ita ce ƙarshen magana ga mafi yawanmu. Esi mai doki ɗaya da rabi wanda ba inbata ba yana cin wajen kilowat 1.2. In kwamfuresa ta yi awa 12 a rana, kilowat-awa 14 ke nan da ɗoriya. A farashin naira 225 da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta sa wa 'yan rukunin A, masu samun wuta mafi yawa, a Afrilun 2024, ya haura naira dubu uku a rana, da janareta kuwa ya ninka. Mai inbata ya fi sauƙin tashi a kan sola ko ƙaramin janareta, amma ka sani sansar da aka ɗumama tana sa shi gudu da ƙarfinsa ne, don haka tsimin wutar da aka yi maka talla ba duka za ka gani ba, kuma allonsa ya fi saurin yin gardama da yaudarar. Kowanne ka saya, ka gwada abu ɗaya tun a shago: a cire shi daga soket a mayar, ka ga ko zai tashi da kansa a kan saitinsa. Wanda sai an danna masa rimot bayan an dawo da wuta ba shi da amfani a ɗakin ajiya, don ƙarfe ukun dare babu mai dannawa. Garanti kuwa ka cire rai da shi daga ranar da ka zaro sansa daga mazauninta.

Da a ce wani ɗan'uwa mai tumatir da tattasai zai tambaye ni yau, zan ce ya kashe kaso mafi tsoka a soso da ƙofa, ya sayi esin bango na talaka mai tashi da kansa, ya sa tamostat biyu da rezista, ya saita a 12, ya rataye wani ma'aunin zafi daban a tsakiyar kaya wanda ba ya jone da komai. Ya fara da ɗaki babu kaya na kwana biyu, sannan jarkokin ruwa na kwana biyu, yana leƙa lagireto safe da yamma da tocila, kafin kwandon farko ya shiga.